KAFIN A AZA TUBALIN GIDAN MAGANIN SHAYE-SHAYE: DARASI DAGA 'YAN ASALIN KANADA



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, yau za mu yi tafiya mai nisa zuwa ƙasar Kanada, wurin mutanen da ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba. Kada wani ya ce, Malam, me ya haɗa mu da su? A wurare da dama cikin Alƙur'ani an umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba abin da ya sami al'ummu. Mutanen nan sun shafe sama da shekara 50 suna gina gidajen maganin shaye-shaye da hannunsu, wani wurin sun ci nasara, wani wurin sun sha wuya. Duk wanda aka ɗora wa amanar irin wannan aiki, shugaban kwamiti ne, mai ba da kuɗi ne, ko limamin da ake tara gudummawa a masallacinsa, yana da abin ɗauka a nan.

Ga maganar a dunƙule: bulo da kwano su ne mafi sauƙi a aikin. Abin da ke raya gidan ko ya kashe shi abu huɗu ne: me ake son warkarwa, su wa ke riƙe da gidan, ina mai jinya zai koma idan an sallame shi, kuma wa zai biya albashi bayan shekara goma.

SU WANE NE WAƊANNAN MUTANE?

Su ne waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar. A ƙidayar 2021 sun kai mutum miliyan 1.8, kimanin kashi 5 cikin 100 na mutanen Kanada. Rukuni uku ne: ƙabilun da ake kira Al'ummun Farko, waɗanda Turawa suka laƙaba wa sunan Indiyawa bisa kuskure, sai Inuwit mazauna yankin ƙanƙara, sai Metis.

Barasa ta yaɗu a cikinsu ne ta hannun fataken Turawa masu sayen fatun namun daji. Kamfanin Hudson's Bay, wanda aka kafa a 1670, da abokan hamayyarsa, sun daɗe suna ba da barasa suna karɓar fata. Daga baya aka karɓe mafi yawan ƙasarsu, aka takure Al'ummun Farko a 'yan filaye da gwamnati ta keɓe. Sannan aka zo kan abin da ya fi komai ciwo: 'ya'ya. Gwamnati ta ba da kuɗi, coci-coci suka gudanar da makarantun kwana, aka riƙa raba yara da iyayensu. Kimanin yara 150,000 ne suka bi ta waɗannan makarantu, kuma na ƙarshensu ba a rufe su ba sai a shekarun 1990. A aske wa yaro gashi, a canza masa suna, a doke shi idan ya yi yarensu. Da yawa an ci zarafinsu, dubbai sun mutu ba su koma gida ba. A 2008 Firaminista Stephen Harper ya nemi afuwa a majalisa. A 2015 Hukumar Gaskiya da Sasantawa, ƙarƙashin alƙali Murray Sinclair, ta kira abin kisan al'ada, ta fitar da shawarwari 94. A 2022 Paparoma Francis ya je Kanada da kansa ya ba su haƙuri.

To ka yi tunani, ɗan uwa. Yaron da aka ɗauke yana ɗan shekara shida, ya dawo saurayi, ba ya jin yaren kakarsa, bai taɓa ganin yadda uba ke rainon ɗa ba, ga abin da aka yi masa yana ci masa zuciya ba ya iya faɗa wa kowa. Gobe shi ne uba. Haka ciwon ya yi ta gangarowa daga kaka zuwa jika, kwalba ta zama abin rufe shi.

NA ƊAYA: A SAN CUTAR KAFIN A ZANA GINI

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, an gwada hani da ƙarfin doka a kansu tun tuni. Dokar Indiyawa ta 1876 ta haramta sayar musu da barasa, ta haramta musu mallakarta, ana tara, ana ɗauri. An fara sassauta wannan a 1951, ba a cire shi gaba ɗaya ba sai 1985. Shekaru da dama ana kamu, shan bai tsaya ba. Ya koma bayan gari, a sayo a ɓoye da tsada, a kwankwaɗe da sauri kafin ɗan sanda ya iso. Dalili? Hannun da ya ce kada ka sha, shi ne hannun da ya ƙwace gonarka ya ɗauke ɗanka.

Yanzu dubi Madina. Larabawa mashaya giya ne na gaske, amma haramcin bai sauka rana ɗaya ba. A Suratul Baƙara aya ta 219 aka nuna cewa zunubinta ya fi amfaninta. A Suratun Nisa'i aya ta 43 aka hana kusantar salla cikin maye. Sai a Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91 aka yanke hukunci. Anas ɗan Malik (RA) ya ba da labarin ranar, yadda aka zubar da ita har ta kwarara a lungunan Madina, babu ɗan sanda ko ɗaya a bakin ƙofa. Nana A'isha (RA) ta bayyana sirrin, kamar yadda Bukhari ya ruwaito: ayoyin farko sun yi ta maganar Aljanna da Wuta ne har zukata suka natsu, sannan halal da haram suka sauka, kuma da hanin giya aka fara da shi, da mutane sun ce ba za su bari ba.

Kada a fahimce ni a baibai. Hukunci ya riga ya tabbata, giya da duk abin da ke gusar da hankali haramun ne yau da gobe, babu wani mataki-mataki a hukuncin. Abin da muke ɗauka shi ne hanyar tarbiyya: ana gyara zuciya ne hani ya samu wurin zama. Saboda haka tambayar farko ga mai tsara cibiya ba gado nawa za a saka ba ce. Tambayar ita ce, mutanen nan me suke gudu? Wanda bai amsa wannan ba, kurkuku zai gina ya rubuta masa asibiti a allo.

NA BIYU: MAI ƊAKI SHI YA SAN INDA YAKE MASA YOYO

A 1973 'yan asalin lardin Albata suka kafa gidan magani mai suna Poundmaker's Lodge, sunan wani shugaban ƙabilar Kiri da ya rasu a 1886. Ka san inda gidan yake? A filin tsohuwar makarantar kwana ta kusa da birnin Edmonton. Wurin da aka hana iyaye yarensu, nan 'ya'ya suka dawo suna neman lafiya da yaren. Shekara ɗaya bayan haka, a 1974, aka kafa cibiyar Nechi, aikinta horar da 'yan asalin ƙasa su zama masu ba da shawara ga masu jinya. Ita kanta gwamnatin tarayya ta bi sahu: ta fara wani shiri na gwaji a 1975, ta mayar da shi na dindindin a 1982, inda take ba da kuɗi amma al'ummun ne ke gudanar da gidajen. A lardin Biritish Kolombiya ma, tun 2013 hukumar lafiya ta Al'ummun Farko ce ta karɓi ayyukan lafiyarsu daga hannun gwamnatin tarayya.

Me ya sa wannan ya zama dole? Mutumin da aka wulaƙanta shi a makaranta, a kotu, a ofis, ba zai buɗe cikinsa ga baƙon da ya yi kama da waɗanda suka wulaƙanta shi ba. Amma idan wanda ke zaune gabansa ɗan garinsu ne, ya san sunan kakansa, shi ma ya taɓa faɗawa ramin ya fito, to magana ta canza. Allah Ya sanar da mu a Suratu Ibrahim cewa kowane manzo da harshen mutanensa aka aiko shi. Idan shiriya sai da harshen mutane, to jinya ma haka.

A nan zan ja hankali kan abu biyu. Na farko aƙida. A waɗannan gidaje ana haɗa jinya da al'adunsu na gargajiya, dattawa na jagorantar bukukuwa da addu'o'i irin nasu. Mu ba wannan muke cewa a kwaso ba, tauhidinmu ya ishe mu, muna da salla da Alƙur'ani da tuba da jama'a. Darasin shi ne sun gane cewa mutumin da bai san ko shi wane ne ba, ba shi da dalilin barin kwalba.

Na biyu, zama ɗan gida bai isa ba, sai da ƙwarewa. Wanda jikinsa ya saba da barasa sosai, idan aka yanke masa ita farat ɗaya babu likita, yana iya kamuwa da jijjiga da ruɗewa har ya mutu. Wanda ya bar ƙwayoyi dangin tiramol na 'yan makonni, jikinsa ya daina jure abin da ya saba sha, idan ya koma ya sha daidai na da, numfashinsa na iya tsayawa. Wannan ilimi ne, ba a samunsa da kyakkyawar niyya kawai. A Suratul Ƙasas an haɗa sharaɗi biyu ga wanda za a ɗauka aiki: ƙarfi da amana. Kuma Muslim ya ruwaito cewa Abu Zarr (RA), duk da tsoron Allahnsa, da ya nemi muƙami Annabi (SAW) bai ba shi ba, ya nuna masa cewa yana da rauni kuma abin amana ne. Kujerar shugaban gidan magani ba ladan wanda ya fi ba da gudummawa ba ce, ba kuma gurbin ɗan uwan shugaban kwamiti ba.

NA UKU: INA ZAI KOMA?

Akwai wani ƙaramin gari a Biritish Kolombiya, kusa da Williams Lake, na mutanen Esk'etemc. Turawa na kiransa Alkali Lake, ba alƙalin kotu ba, ma'anar sunan kusan Tafkin Kanwa. Saboda yawan sha, maƙwabta suka juya sunan suna yi musu ba'a da Tafkin Giya. Kusan kowane baligi na sha.

A 1972 wata mata mai suna Phyllis Chelsea ta bar sha, bayan 'yarta 'yar shekara bakwai ta ƙi bin ta gida saboda shan iyayenta. Ba da jimawa ba mijinta Andy ya bi ta. Aka zaɓe shi shugaban garin. Ga abin da suka yi. Suka hana shigo da barasa garin. Suka haɗa kai da 'yan sanda aka kama masu sayarwa a ɓoye, har da danginsu na kusa, ba sani ba sabo. Wannan ya tuna mini da matar nan ta Banu Makhzum da aka nemi a yi mata alfarma, Annabi (SAW) ya ƙi, ya nuna cewa ko 'yarsa ce hukuncin ɗaya ne. Kuɗin tallafi da gwamnati ke ba wa marasa ƙarfi, ga masu shanye shi aka mayar da shi takardar karɓar abinci da kaya a kanti. Wanda ya yi laifi cikin maye a ba shi zaɓi, ko kotu ko jinya.

Amma ga wurin da nake so ku riƙe. Idan mutum ya tafi jinya, mutanen gari su riƙe masa 'ya'ya, su gyara masa gida, su share su yi fenti, kuma a yi ƙoƙarin sama masa aikin yi kafin ya dawo. Ya dawo ya tarar ana jiransa. Shekarun farko mutane ƙalilan ne suka biyo su, sun sha zagi da barazana. Amma zuwa tsakiyar shekarun 1980, labarin da garin ya bayar shi ne kimanin kashi 95 cikin 100 sun bar sha. Suka shirya fim da kansu, mutanen garin suka fito a matsayin kansu, fim ɗin ya zagaya sauran ƙabilu.

Lura da kyau, mutanen nan wasu garuruwa ake tura su jinya. Abin da garin ya gyara shi ne wurin dawowa. Ku tuna hadisin mutumin da ya kashe rai 99 ya cika na 100: malamin da ya ba shi fatawa bai tsaya kan cewa ƙofar tuba a buɗe take ba, ya umarce shi ya bar garinsu ya koma cikin mutanen kirki. Mako shida a cibiya ba zai rinjayi shekara ashirin a majalisar banza ba. Kasafin da ya ƙare a bakin ƙofar cibiya rabin kasafi ne.

Akwai kuma abin da ya biyo baya. Da maye ya washe, sai mutane suka fara faɗin cin zarafin da aka yi musu a makarantar kwana ta yankin, wadda aka rufe a 1981, har wasu malaman coci suka gurfana a kotu aka same su da laifi. Wato idan ka ɗauke murfi, za ka ga abin da ke cikin tukunya. Cibiyar da ba ta tanadi masu iya sauraron irin wannan da rufa asiri ba, ta buɗe gyambo ne ta tafi ta bar shi.

NA HUƊU: KUƊIN GINI DABAN, KUƊIN RAYUWA DABAN

Mu haura can arewa mai nisa, yankin Nunabut, wanda aka kafa a 1999, mafi yawan mutanensa Inuwit ne. Garuruwa 25 ne, babu titin mota da ya haɗa su. Kayan gini a jirgin ruwa suke zuwa cikin 'yan watannin da ƙanƙara ke narkewa, wanda ya makara da oda ya yi asarar shekara. Shekara da shekaru, mai neman jinya ta kwana sai a sa shi a jirgin sama zuwa kudancin Kanada, nesa da iyalinsa da yarensa.

Da suka tashi gyara, ba gini kaɗai suka sa gaba ba. Tsarin ƙafa uku ne kamar murhu: sansanonin jinya a daji kusa da garuruwa, babbar cibiya a Ikaluwit babban birnin yankin, da horar da Inuwit da za su yi aikin. A 2019 aka sa hannu tsakanin gwamnatin tarayya, gwamnatin yankin, da ƙungiyar da ke wakiltar Inuwit, tarayya ta yi alkawarin har dalar Kanada miliyan 47.5. Ba a fara ginin ba sai 2023, lokacin an ƙiyasta aikin gaba ɗaya a kan miliyan 83.7, gida mai gado 24, aka sa masa suna da yarensu, Aqqusariaq. Shekara huɗu tsakanin alkawari da haƙa harsashi, a ƙasa mai arziki. Mai jagorantar irin wannan aiki sai da haƙuri, kuma ya gaya wa mutane gaskiyar lokaci da kuɗi tun farko.

Ga ɗaya gefen. A 1998 gwamnatin Kanada ta kafa wata gidauniya ta warkar da waɗanda makarantun kwana suka cutar, da dala miliyan 350. Ta ɗauki nauyin ayyuka masu yawa a garuruwa. A 2010 gwamnati ta ƙi sabunta kuɗin, a 2014 gidauniyar ta rufe, ayyuka da dama suka tsaya mutane na tsakiyar jinya. Shi ya sa a shawarwarin 2015, ta 21 ta nemi kuɗi mai ɗorewa ga gidajen warkarwa.

Mu Musulmi muna da maganin wannan tun tuni, sunansa wakafi. Umar (RA) ya samu fili a Khaibar, Annabi (SAW) ya ba shi shawarar ya tsare asalin ya yi sadaka da amfanin. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 ya yi ɗaruruwan shekaru yana aiki, saboda an tsayar masa da kadarorin da ke ciyar da shi. Kowa na son sunansa a jikin bango, ba kowa ke son biyan albashin mai dafa abinci a shekara ta bakwai ba. Alhali a nan ladan sadaka mai gudana yake.

TO MU FA?

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi a Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara ɗaya. A shekarar aka hana maganin tari mai kodin. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da sama da mutum 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa. Da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu, don ba su da inda za su kai su. Tarihinmu ba irin na mutanen Kanada ba ne, amma darasi ɗaya ya haɗa mu: duk gidan da aka tara raunana aka rufe ƙofa, babu mai shiga ya duba, zalunci zai tsiro a ciki ko da wane suna aka rubuta a allo.

Saboda haka, kafin kwamitinku ya aza tubali, ku amsa waɗannan:

1. Kun zauna da masu shan da iyayensu da matansu kun ji daga bakinsu?
2. Akwai likita da ma'aikatan da aka horar, kafin ranar buɗewa?
3. Wa ke da ikon shiga ba sanarwa ya duba, kuma wa mai jinya zai kai wa ƙara?
4. Mata fa, ina nasu wurin, wa zai riƙe musu yara?
5. Wace sana'a da wace majalisa ke jiran wanda aka sallama?
6. Wace kadara ce za ta biya albashi idan masu gudummawa sun gaji?

Idan ya koma ruwa bayan an sallame shi, a sake karɓarsa. Bukhari ya ruwaito labarin sahabin da aka sha kawowa saboda shan giya, har wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin na son Allah da ManzonSa. An yi masa hukunci, amma ba a kore shi daga jama'a ba. Wanda ba zai iya kallon mashayi da wannan ido ba, ya ba da kuɗinsa, Allah Ya ba shi lada, amma kada a ba shi makullin gidan.

Allah Ya shiryi zuri'armu, Ya yaye wa waɗanda aka jarraba, Ya sanyaya zukatan iyayensu, Ya ba waɗanda aka ɗora wa wannan amana ikon sauke ta. Wanda ya san wani kwamiti da ke shirin irin wannan aiki, ya tura musu.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum warahmatullah.